Ƙin halin shugaba girman kai ne? Tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da siyasa ta yi zafi, sai ka ji wani ya ce shi dai wane bai yi masa ba, ko muryarsa ba ya son ji a rediyo. Kafin ya rufe baki an tare shi: “Ku 'yan boko haka kuke, kun raina talaka.” Daga nan an bar maganar ɗan takara, an koma kan wanda ya yi maganar. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa a irin wannan muhawara, a majalisa ko a Facebook, tare da amsoshin da nake ganin za su iya tsayuwa da ƙafarsu.

Me ake nufi da girman kai a wannan magana?

Ban san ma'anar da ta fi wadda ta zo a hadisin da Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud ba. Wani ya ce wa Manzon Allah (SAW) mutum yakan so tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai aka ba shi amsa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Abu biyu ke nan. Son tsafta, son magana mai tsari, son shugaban da ya iya zama cikin jama'a, duk ba su shiga ciki ba. Abin da ya shiga shi ne ka ga mutum ƙasa da kai saboda asalinsa ko sana'ar ubansa ko lafazinsa, sannan ko ya zo da gaskiya ka ƙi karɓa saboda bakin da ta fito.

To idan na ce ba na son halin shugaba, na faɗa ciki ke nan?

Ya danganta da abin da ka zuba a cikin kalmar “hali”. Mukan haɗa kaya iri biyu a buhu ɗaya mu ɗaure. Akwai abin da mutum ya taso ya tarar da kansa a ciki: yadda harshensa ke karya Turanci, makarantar da iyayensa suka iya kai shi, irin ɗinkin da ya saba da shi, yadda yake cin abinci. Akwai kuma abin da yake yi wa mutane da zaɓin kansa: ya yi ƙarya ido da ido, ya wulaƙanta na ƙasa da shi, ya ci amana, ya kasa haɗiye fushi. Na farkon asali ne, na biyun shi ne halin da Bahaushe ya ce zanen dutse ne. Wanda ya ƙi shugaba don na biyun hukunci ya yanke, kuma haƙƙinsa ne. Wanda ya ƙi shi don na farkon raini ne kawai, ko da ya lulluɓe shi da kalmomi masu daɗi.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Wata shekarar zaɓe aka turo mini faifan wani ɗan takarar shugaban ƙaramar hukuma yana kokawa da jawabin Turanci, yana mai da “p” ta koma “f”, yana tsayawa a tsakiyar kalma kamar mai hawan tudu da kaya. Ina zaune a zaure da kawuna bayan magariba, na kunna masa ina dariya har da hawaye. Ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta motsa ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, “Ɗana, ai ni ma haka nake faɗarta. Yanzu me ya sata?” Na buɗe baki na rasa abin cewa, don ban san komai game da mutumin ba sai wannan minti ɗaya da rabi. Kawu shekara 30 ya yi yana dakon kaya da babbar mota tsakanin Kano da Legas, da wannan Turancin ya yi ta wucewa shingayen hanya, da shi kuma aka biya wani ɓangare na kuɗin makarantar da ta gyara mini nawa harshen.

Ana yawan kawo Sabo Bakin Zuwo a irin wannan zance. Me labarinsa ke nunawa?

Yana nuna ɓangarorin biyu a jikin mutum guda, shi ya sa ya dace a daɗe a kansa.

Alhaji Sabo Bakin Zuwo tsohon ɗan gwagwarmayar NEPU ne, na hannun daman Malam Aminu Kano, ya zama sanata a 1979 ƙarƙashin PRP. Da jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, shi yana Taɓo tare da Malam, Gwamna Abubakar Rimi kuwa yana Santsi. Rimi ya fice zuwa NPP, Malam ya rasu a watan Afrilun 1983, aka je zaɓen gwamna 'yan watanni bayan haka. In da fasahar magana da kwarjini ke cin zaɓe, da ba a tsaya ƙirga ƙuri'a ba: Rimi ya yi karatu har Ingila, Turancinsa da Hausarsa duk ruwa ne. Bakin Zuwo bokonsa kaɗan ne, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Shi Kanawa suka zaɓa.

Har yau labarin da ya fi yawo a kansa shi ne na ma'adinai. Wai an tambaye shi da Turanci irin ma'adinan da Kano ke da su, kalmar kuwa ita ce dai wadda 'yan Najeriya ke kiran lemon kwalba da ita, minaral, sai ya shiga lissafa Fanta da Coke da Mirinda. Fiye da shekara 40 ana dariyar wannan. Ka tsaya ka duba me ake yi wa dariyar. Mutum ne aka tare da yaren da ba nasa ba, ya ɗauki kalma da ma'anar da ake amfani da ita a kasuwa. Ba a zalunci kowa ba, ba a ci kuɗin kowa ba. Masu dariyar kuma da yawansu ba su taɓa tambayar kansu me ya sa mutanen jihar, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, suka fifita shi ba. Akwai biyayya ga Malam wanda ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba. Akwai ciwon rikicin Rimi da masarautar Kano, takardar tuhumar da aka aika wa Sarki Ado Bayero da tarzomar 10 ga Yulin 1981 wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta. Mai zaɓe yana da lissafinsa, ko da ba da Turanci yake yin sa ba.

Sai ɗaya ɓangaren. Wata uku kacal ya yi a kujera, daga 1 ga Oktoba zuwa juyin mulkin 31 ga Disamban 1983. Sojoji suka ce sun sami tsabar kuɗi naira miliyan 3.4 a gidansa, amsar da aka san shi da ita kuwa ita ce kuɗin gwamnati ne a gidan gwamnati. Ana ba da wannan ma a matsayin abin dariya, a jera shi da na Fanta kamar 'yan uwa ɗaya. Ai ba ɗaya ba ne. Wanda ya ce bai yarda gwamna ya tara dukiyar jama'a a ɗakinsa ba, babu mai ikon kiransa mai girman kai, ko da a ce digiri goma gare shi. Wannan zancen amana ne, kuma da Rimi aka samu da irinsa hukuncin ɗaya ne.

Amma ai shugaba na buƙatar ilimi. Neman hakan ma raini ne?

A'a. Sai dai a bambanta ilimi da takarda, a kuma bambanta takarda da lafazi. Sashe na 131 na kundin tsarin mulkin 1999 ya nemi ɗan takarar shugaban ƙasa ya kai matakin shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta, sashe na 318 kuma ya faɗaɗa ma'anar “makamanciyarta” ƙwarai. Da aka tayar da ƙurar takardar marigayi Muhammadu Buhari gab da zaɓen 2015, tambayar ko ya cika sharaɗin doka tambaya ce halastacciya, kuma tsohuwar makarantarsa ta Katsina ta fitar da sakamakonsa. Abin da ya biyo baya a intanet, kwaikwayon lafazinsa da kiransa makiyayi jahili, ba doka ake karewa da shi ba. Duk Bahaushe ko Bafillatanin da ya ji wannan ya san da shi ake.

A gefe guda, a Oktoban 2016 Buhari ya tsaya a Berlin kusa da shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin, Angela Merkel, ya ce wurin matarsa kicin ne da falo da ɗaya ɗakin. A Afrilun 2018 a Landan ya yi maganar matasan da ke zaune ba sa komai suna jiran a ba su kyauta. Waɗanda ransu ya ɓaci da waɗannan ba lafazinsa ya dame su ba, abin da ya faɗa ne. Na ga magoya baya suna zuba su a kwando ɗaya da masu kwaikwayon murya, don hakan ya fi sauƙi a kan kare maganar.

Mu ma fa muna da namu. Dariyar da aka yi wa Turancin Patience Jonathan a 2014, lokacin zaman da ta kira kan 'yan matan Chibok, ta fi yawa a wayoyinmu a kan tambayar ina yara 276 suke.

Mu kaɗai ke da wannan cutar?

Ina! A Janairun 2014 wani jigon jam'iyyar Congress ta Indiya, Mani Shankar Aiyar, wanda ya yi karatu a Cambridge, ya ce Narendra Modi ba zai taɓa zama firaminista ba, amma in yana son sayar da shayi za a nema masa wuri a wajen taronsu. Modi dama yana ba da labarin cewa ya taya mahaifinsa sayar da shayi yana yaro. Jam'iyyarsa ta BJP ta cafe maganar, ta shirya tarukan hira da jama'a a teburan masu shayi a faɗin ƙasar. Da aka ƙirga, BJP na da kujeru 282 cikin 543, Congress na da 44. Ba gorin shayi kaɗai ya jawo haka ba, amma dubi abin da ya yi. Akwai tambayoyi masu nauyi a kan Modi game da tarzomar Gujarat ta 2002, inda aka kashe mutum fiye da 1,000, galibinsu Musulmi, yana babban ministan jihar. Kwamitin binciken da kotun ƙoli ta naɗa ya ce bai sami hujjar gurfanar da shi ba, masu suka ba su gamsu ba. Wannan ce muhawarar da ta cancanci lokaci. Gori ya ba shi damar mai da kowace suka ta zama ta 'ya'yan manya da ba sa son ɗan mai shayi ya zauna a inda suke zama.

A Brazil, Lula da Silva ya yi sana'ar goge takalmi yana yaro, injin masana'anta ya cire masa ƙaramin yatsan hagu, ya faɗi zaɓe a 1989 da 1994 da 1998 ana yi masa gorin rashin karatu. Da ya ci a 2002 aka miƙa masa takardar shaidar cin zaɓe, sai ya fashe da kuka, ya ce shi da aka daɗe ana zargi da rashin takardar digiri, ga takardarsa ta farko, ta shugaban ƙasa.

Donald Trump fa? Magoya bayansa na cewa masu ƙinsa duk 'yan ɗagawa ne.

Nan abin ya ɗan juye, don Trump ba ɗan talaka ba ne. An haife shi a 1946 a New York, mahaifinsa Fred Trump hamshaƙin mai gine-gine ne, shi kuma ya gama makarantar kasuwanci ta Wharton a 1968. Abin da ya ɗauka na talaka salo ne: magana ba tacewa, cin abincin McDonald's, zagin ƙwararru. Kuma gaskiya ne akwai Amurkawan da abin da ke ƙona musu rai shi ne yadda yake cin nama da miyar tumatirin kwalba, da tsayin laktayensa, da ruwan zinaren da ya shafe gidansa da shi. Wannan ƙyamar masu ganin sun waye ce, kuma ma'aikacin masana'anta a Ohio da ke cin namansa haka ya fahimci saƙon.

Amma a Yulin 2015 Trump ya ce game da Sanata John McCain, wanda ya yi shekara biyar da rabi a tsare a Vietnam ana azabtar da shi, wai shi ya fi son waɗanda ba a kama ba. Ka kai wannan maganar kowace majalisar dattawa a Kano ko Damagaram, ba tare da ka faɗi sunan mai ita ba, ka ji abin da za su kira ta. Ba sai ka je jami'a ba kafin ka san rashin mutunci. Dabarar ita ce a haɗa mai ƙyamar miyar tumatir da mai ƙyamar cin mutuncin fursunan yaƙi, a ba su suna ɗaya, sai na biyun ya ji kunyar magana.

Idan shugaban ne ba na so, me zai hana in faɗi ra'ayina kan masu binsa?

Nan ne mafi yawan mutane ke zamewa. A 9 ga Satumban 2016 Hillary Clinton, abokiyar takarar Trump, ta faɗa a wani taron tara kuɗi a New York cewa rabin magoya bayan Trump za a iya zuba su a kwandon mutanen banza. Washegari ta ce ta yi nadamar cewa “rabi”, amma magana zarar bunu ce. Mutanen suka buga kalmar a riguna suna yawo da ita. Wata biyu bayan haka ta rasa Michigan da Wisconsin da Pennsylvania da tazarar da gaba ɗayanta ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. Gordon Brown, firaministan Birtaniya na lokacin, ya gamu da irinta a Afrilun 2010 a Rochdale: wata dattijuwa 'yar jam'iyyarsa ta yi masa tambaya kan baƙi masu shigowa ƙasar, ya shiga mota ya manta da abin magana a ƙirjinsa, ya kira ta mai ƙyamar baƙi, duniya na ji.

Shugaba mutum ɗaya ne, ka ga ayyukansa, kana iya yanke masa hukunci. Masu zaɓensa miliyoyi ne, ba ka san ko ɗaya cikin dubu ba. Da zarar ka ce “ai jahilai ne”, “an saye su da taliya da sabulu”, “ƙauyawa ne”, ka cika sharuɗɗan hadisin nan guda biyu a numfashi ɗaya, ka raina mutane, ka kuma toshe kunnenka daga duk gaskiyar da ke cikin kukansu.

Ba gara a bar zancen hali gaba ɗaya a duba aiki ba?

Da za a iya raba su da an huta. Amma shugaba ba injin ba ne da ake zuba manufa ta nan aiki ya fito ta can. Yawancin abin da zai fuskanta babu shi a takardar alƙawuran kamfe, halinsa ne zai yanke. Mai jin haushin gyara zai kori masu faɗa masa gaskiya ya tara 'yan amshin Shata. Maƙaryaci ranar da annoba ko yaƙi ya zo ba wanda zai yarda da sanarwarsa. Alƙur'ani ya gaya wa mafificin halitta, a sura ta 3 aya ta 159, cewa da ya kasance mai kaushi mai ƙeƙasasshiyar zuciya da mutane sun watse daga gare shi. In haka ne a can, wane ne gwamna?

Jacob Zuma, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, misali ne mai kyau. Bai yi makarantar boko ba, kiwo ya yi yana yaro, ya yi shekara 10 a kurkukun tsibirin Robben. A 2015 ya yi tuntuɓe wajen karanta wani dogon adadi a taron jam'iyya, aka yi ta yaɗa faifan ana shewa. Wannan raini ne, musamman a ƙasar da da gangan aka hana baƙar fata karatu. Amma rand miliyan 246 na jama'a da aka kashe a gidansa na Nkandla, har da tafkin wanka da aka ce wai na kashe gobara ne, da dariyar da ya riƙa yi a majalisa in an tayar da zancen, wannan hali ne. Kotun tsarin mulki ta yanke a Maris 2016 cewa ya saɓa wa kundin ƙasa, ya biya rand miliyan 7.8, ya sauka a Fabrairun 2018. Magoya bayansa sun shafe shekaru suna amsa tambayar tafki da labarin kiwo.

Akwai girman kan da ke tasowa daga ƙasa ya yi sama?

Akwai. “Ɗan boko” a bakin wasu zagi ne, kuma ƙin mutum don ya iya Turanci ko don ya zauna a Turai shi ma hukunci ne kan asali. Bambancinsa da ɗayan shi ne ƙarfi: wanda aka raina don ya yi karatu da yawa yakan koma ofishinsa, wanda aka raina don bai yi ba sau da yawa ƙofar ofishin ma ba a barinsa ya wuce.

Addini ya kawo misalin gorin shugaba da asali?

Har sau da dama. Da aka naɗa wa Bani Isra'ila Ɗalutu sarki, ƙorafinsu shi ne ba a ba shi yalwar dukiya ba. Mutanen Makka suka ce me ya sa ba a saukar da Alƙur'ani ga wani babban mutum daga garuruwan nan biyu ba. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Fir'auna, a sura ta 43: da hujja ta ƙare masa, sai ya ce Annabi Musa wulaƙantacce ne, ko magana ba ya iya fitarwa sosai, ina mundayen zinarensa? Gorin harshe da gorin sutura, a gaban jama'a, don a yi dariya a manta da abin da mutumin ya zo da shi.

Ta yaya zan gane wanne ne a zuciyata?

Ni abin da nake yi tun daga daren nan na zaure shi ne in sauya wa mutumin riga a raina. In ɗauki abin da ya yi in sa a bakin wani farfesa mai laushin murya da shadda mai tsada. In har yanzu raina na ɓaci, to aikin ne na ƙi. In na ji haushin ya sauka, ashe rigar ce.

Sannan in juya ta ɗaya gefen, wanda ya fi ciwo: in ɗan takarata ne ya yi wannan, me zan kira shi? Mun iya wannan sosai. Namu in ya yi zagi “ba ya munafunci”, nasu in ya yi “ba shi da tarbiyya”. Namu in ya yi shiru dattaku ne, nasu in ya yi shiru girman kai ne. Laifi tudu ne.

Akwai kuma tambayar kawu, wadda ta fi duka gajarta. Wa ya cuta? In zan iya kawo rana da wuri da wanda abin ya faɗa wa, ina da magana. In duk abin da nake da shi shi ne “ka dube shi mana”, gara in haɗiye.

An kira ni mai girman kai a muhawara alhali hujja nake kawowa. Me zan yi?

Kada ka tsaya wanke kanka, don abin da ake so ke nan, a kwana ana zancenka a bar zancen shugaba. Ka yarda da abin da yake gaskiya tukuna: e, ana yi masa gorin asali, kuma ba ka tare da masu yi. In ka taɓa yaɗa faifan dariyar lafazinsa, ka ce ka yi, kuskure ne. Daga nan ka koma kan abu ɗaya tak, mai rana da adadi, albashin da ba a biya ba wata kaza, ko ɗan jaridar da aka tsare, ko maganar da ya faɗa a wuri kaza, ka nemi a amsa wannan. Wani zai amsa, ku yi muhawara ta gaske, wataƙila ma ya nuna maka abin da ba ka sani ba. Wani kuma zai sake cewa kun raina talaka, sai ka tambaye shi ma'aikacin da ke jiran albashin nan a wane aji yake.